Kafin Ki Sayar da Sashen Goggo Dije

Ƙofar Kuyambana,
Birnin Zariya.

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigidanki gaisuwa mai yawa, da fatan kun fara sabawa da Kaduna, aikin asibitin kuma bai fi ƙarfinki ba. Allah ya tsare ku a fitarku da shigarku, ya raba ku da sharrin hanya da na mutum, ya sa albarka a abin da kuke nema. Mu nan lafiya lau, sai kewarki.

Saƙonki ya iso ta hannun direban da kika ba. Kin ce kun ga gida a Tudun Wadar Kaduna, dillali yana cewa ku hanzarta, abin da kuka tara kuma bai kai ba, shi ne kike so ki sayar da sashen Goggo Dije ki cika. Kin daɗe kina kewaye-kewaye kafin ki faɗa, har da ban haƙuri. Ba sai kin ba ni haƙuri ba, Ummi. Sashen naki ne, sunanki ke kan takardarsa, ba zan hana ki ba. Amma kina ƙarama aka yi yawancin abin da aka yi a kan gidan nan, abin da kika sani kaɗan ne. Kafin ki saya ko ki sayar, zauna ki ji yadda uwarki ta yi ta tuntuɓe a wannan hanyar.

Bayan rasuwar babanki, da na fita takaba, na dawo da ke gidan mahaifina a Kwarbai. Ba ki wuce shekara huɗu ba. Wataƙila kina iya tuna zauren gidan, mai zane a goshinsa, inda kakanki yake zama da almajiransa manya bayan la'asar suna bitar littattafai. Akwai bishiyar lemun tsami a tsakar gida, ƙarƙashinta nake zama ina duba aikin 'yan ajina. Ba mu daɗe da dawowa ba shi ma kakan naki Allah ya karɓi abinsa. Mu biyu ya bari, ni da kawunki Lawal. Yaya Lawal yana aiki a Kano, iyalinsa suna can, yana bukatar rabonsa, ni kuma albashin malamar firamare ba zai saye shi ba. Muka yanke shawarar sayar da gidan.

Wanda ya saya wani ɗan kasuwa ne mai fara'a. Ranar ciniki na yi magana ta bayan ƙofa na ce, "Alhaji, alfarma biyu nake roƙo. A bar ni har kaka in nemi wurin zama, kuma don Allah kada a taɓa zauren nan."

Ya ce, "Haba Malama, wannan har sai an roƙa? Zauren Malam ai albarka ne. Ki zauna sai ranar da kika ga dama."

Na ji daɗi har na yi masa addu'a. Aka rubuta takardar ciniki, ba a sa ko ɗaya daga cikin maganganun nan ba, ni kuma kunya ta hana ni in ce a sa. Gani nake kamar zan ƙaryata dattijo a gaban mutane. Damina na tsaka ya aiko a ce mini yana bukatar gidansa, zai fara aiki. Ban ce mugu ba ne. Ya biya kuɗinsa, gidan ya zama nasa, lissafinsa kuma ya canza. Kafin shekara ta zagayo zauren ya zama shaguna biyu masu ƙofar ƙarfe. Har yau in hanya ta bi da ni ta layin, ɗaya gefen nake kallo.

To ki riƙe wannan. Duk abin da kike so ya tabbata a ciniki, ki sa a rubuta shi a ranar, a gaban shaidu: ranar da za a ba ku makulli, wanda zai biya la'adar dillali, abin da za a bari a gidan da abin da za a cire, ko da ƙyauren ƙofa ne. Mutumin kirki ba ya jin haushin a rubuta alkawarinsa. Kuma in kin sayar da abu kin sayar, ba ki da sauran ta cewa a kansa.

Korar nan ce ta jefa ni cikin gaggawa. Muna raɓe a ɗakin wata ƙawata, kayanmu a ɗaure, ruwa yana zuba dare da rana. Sai wani dillali ya zo da labarin gida a Ƙofar Kuyambana, na wani mai suna Tanimu, wai gadon ubansa ne, yana so ya sayar ya sayi motar haya. Na je na gani sau ɗaya, da rana tsaka, dillali yana gaba yana ta zuba. Gidan ya shiga raina tun daga zaure. Ginin ƙasa ne mai kauri, azararsa lafiya, tsakar gida a share, ga rijiya daga can ƙurya. Kusa da rijiyar akwai wani ɗaki da rumfa a gabansa, an sa masa kwaɗo.

Na ce, "Wancan fa?"

Dillali ya ce, "Tarkace ne a ciki, Malama. Za a kwashe."

Na ga murhu a rumfar da toka sabuwa, na ga turmi a kife. Idona ya gani, zuciyata ta ƙi tambaya, don ina tsoron amsar za ta raba ni da gidan. Ban shiga maƙwabta na gaishe su ba, alhali matar da ke bayan katanga da ta gaya mini komai kafin in gama shan ruwan da za ta ba ni. Yaya Lawal ya zo daga Kano ya tsaya mini wakili, shi ma sauri yake ya koma. Aka ce mai unguwa ya yi tafiya, sai dillali ya kawo abokansa biyu suka zama shaidu. Tanimu ya sa hannu shi kaɗai. Na miƙa rabona na gidan mahaifina gaba ɗaya.

Ranar da muka tare, masu kura suna shigo da gado, sai na ji ƙamshin suyar ƙuli-ƙuli yana tashi daga cikin gidana. Na leƙa. Wata tsohuwa ce siririya, zaune a rumfar nan ta ƙurya, tana murza tunkuza a tafin hannu. Ta ɗago ta dube ni, ta dubi gadon, ta ce, "Sannunku da zuwa. Baƙin wa?"

Na ce, "Iya, ni ce na sayi gidan."

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Wane gidan?"

"Wannan. A hannun Malam Tanimu."

Ta juya ta dubi ƙofar ɗakinta. Can ta ce, "Shi ya sa ya matsa mini in je biki Giwa, har da ba ni kuɗin mota. 'Yar nan, a ɗakin can aka yanke mini cibiya. Gidan ubana ne. Uban Tanimu wana ne, ciki ɗaya. Ban san an sayar da ni ba."

Goggo Dije ke nan, Ummi, wadda kika tashi kina ɗauka kakarki ce ta jini. Mijinta ya rasu tun da daɗewa, ba ta taɓa haihuwa ba, ta dawo gidan ubanta tana sana'arta.

Na tafi wurin Tanimu a tasha. Yana goge sabuwar motarsa ya ce mini, "Malama, kwantar da hankalinki. Tsohuwa ce fa. Kwana nawa ya rage mata?" Na juyo na koma gida.

Saboda haka gidan nan na Tudun Wada, kada ki tsaya ga abin da dillali ya nuna miki. Ki sa a buɗe kowace ƙofa. Ki koma ba tare da shi ba, ki shiga maƙwabta ta wajen mata, ki zauna a ba ki ruwa, ki tambaya: gidan wa ne tun asali, su nawa ya haifa, an raba gado ko ba a raba ba? In gidan gado ne, a nuna muku takardar rabo daga kotu, kowane magaji kuma ya sa hannu da kansa, mata da maza, na kusa da na nesa. Kada a ce muku wance tana gidan miji, ta yarda. A je a ji daga bakinta. In an ce mai unguwa ya yi tafiya, ku jira ya dawo. Dillalin da ke cewa wani zai riga ku, ki bar wanin ya riga ku.

Na daɗe ban kai ƙara ba. A lokacin gani nake mace ta shiga kotu abin kunya ne, za a ce matar marigayi wane ce ake jayayya da ita a gaban alƙali. Sai na zauna da fushina, na ɗora shi a kan wadda ba ta yi mini komai ba. Gaisuwa kawai ke haɗa ni da Goggo. In zan ɗebi ruwa sai na jira ta shiga ɗaki. Har na kira magini ya yi wa ɗakunan yaɓe, na zuba kuɗi a gidan da ban san iyakata a cikinsa ba. Wannan ma kuskure ne. Kada ki sa ko bulo ɗaya a wurin da magana ba ta mutu ba.

Ke kuwa ba ruwanki da rigimarmu. Da na tafi makaranta sai ki sulale daga hannun matar da nake bar mata ke, ki tafi rumfar Goggo. In na dawo in tarar da bakinki duk mai, an yi miki kitso ƙanana. In yi miki faɗa, gobe ki koma.

Da mai unguwa ya ji labari shi ya aiko a kira ni. Ya ce, "Malama, da kin jira ni da ba a yi haka ba, kowa a unguwar nan ya san Dije. Yanzu ki je kotu. Ba faɗa za ki yi ba, tambaya za ki yi, a gaya wa kowa nasa."

Na je. Ɗaki ne ba wani babba ba, da benci da fanka mai ƙara, ba abin tsoron da na zata. Aka aika wa Tanimu sammaci, aka kira Goggo, ta zo cikin wankakken zanenta na saƙi. Alƙali ya saurari kowa bai katse shi ba. Sannan ya juyo gare ni.

"Malama, da za ki saya, kin tambayi asalin gidan?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ban tambaya ba."

"Kina koyarwa aka ce?"

"Ina koyarwa."

Ya ce, "To yau ke za a koya wa." Mutane suka yi 'yar dariya, ni ma ban san lokacin da na murmusa ba.

Ya bayyana cewa mai gidan na asali 'ya'ya biyu ya bari, namiji da mace, ba a kuma taɓa raba gadon ba. Namijin yana da kashi biyu, su ne suka gangaro wa Tanimu, macen tana da kashi ɗaya. Tanimu ya sayar da nasa ya haɗa da abin da ba nasa ba. Ya ce ina da zaɓi: in fasa cinikin a mayar mini da kuɗina, ko in riƙe kashi biyun a mayar mini da na ɗayan. Kowa a ɗakin ya san kuɗin sun zama mota, in na fasa sai in rasa gidan in kuma yi ta bin bashi. Na ce na riƙe.

Sai ya juya ga Goggo. Ya ce tunda tarayya take da Tanimu a gidan da ba a raba ba, shari'a ta ba ta haƙƙin da ake kira shufa'a, wato ta fi kowa cancantar ta karɓi kason da aka sayar in za ta biya abin da na biya. Goggo ta ce, "Allah ya gafarta Malam, da kuɗin ƙuli-ƙuli?" Ya ce to ko za ta amince da cinikin a ba ta rabonta kuɗi a hannu.

Ta ce, "Ni ban sayar ba, ba na kuma sayarwa. Yarinyar nan kuwa ban kore ta ba, ita ma cutarta aka yi. A nuna mini inda nawa ya tsaya, in san inda zan share."

Kotu ta turo mutanenta da igiyar awo, mai unguwa yana tsaye. Ɗakin Goggo da rumfarta da rijiya suka faɗa nata, zaure da sauran ɗakuna suka faɗa nawa. Aka kafa turaku a tsakar gida. Suka ba da shawara a ja katanga a kan layin, a fasa mata ƙofa ta lungun baya, ni kuma in haƙa tawa rijiyar ko in riƙa sayen ruwa wurin 'yan ga-ruwa. Aka umarci Tanimu ya mayar mini da kuɗin kashi ɗaya. Ya biya a guntu-guntu, sai da na gaji da zuwa karɓa.

Na sayi tubali, na kira magini. Da safen da ya zo ya fara haƙa tushe, Goggo ta ɗauko kujerarta 'yar tsugunno ta ajiye daidai kan layin, ta zauna da ƙwaryar gyaɗa tana ɓarewa. Magini ya tsaya da diga a hannu yana kallona.

Na ce, "Goggo, a ɗan matsa masa."

Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Zan matsa. Abu ɗaya nake so in tambaye ki, Malama. In kin ja katangar nan, ranar da na kwana ban tashi ba, wa zai sani?"

Ke kuma kina zaune a gefenta kina tsince gyaɗar da ta faɗo kina zubawa a ƙwarya. Na sallami magini na biya shi kuɗin yininsa. Tubalin nan da shi aka gina akurkin kajin da kika sani.

Shekarun da suka biyo baya su ne mafi daɗi da na yi a duniya, ko da yake lokacin tsanani ne, ana bin dogon layi kafin a sami sabulu da madara, albashi kuma yana makara. Tukunya ɗaya muka koma ci. Ita ta yi jinyarki da kika yi ƙyanda, ta hana ni kuka a gabanki. Ita ta koya miki murza ƙuli-ƙuli, kike yin naki karkatattu tana sayar da su a haka, tana gaya wa masu saye na jikarta ne. Da yamma in na baje littattafan 'yan aji a tabarma, sai ta ce in karanto mata abin da yaran suka rubuta, ta yi ta dariya tana cewa wannan ɗan gidan wane ne, haka ubansa ma yake. Turakun kotu kuwa ɗaya bayan ɗaya suka shige murhu.

Yanzu ga kuskuren da ya fi tsaya mini a rai. Kina aji shida, wata rana muna tankaɗe, Goggo ta ce, "Malama, ki kira mini mai unguwa da liman. Sashen nan na ba Ummi, ina so a shaida."

Na ce, "Haba Goggo, bar wannan maganar, kina nan da ranki."

"Da raina ɗin ake yi. In na mutu da bakin wa zan faɗa?"

Na ce to, sai an kwana biyu. Gaskiyar abin, tsoron bakin mutane nake ji. Kada a ce dama abin da ya sa nake yi mata hidima ke nan, na lallaɓa tsohuwa na karɓe mata gida. Ta sake tuna mini bayan sallah, na sake kaucewa. Har cewa ta yi, "Ke da kotu ta taɓa koya wa karatu, har yanzu ba ki haddace ba?" Muka yi dariya, maganar ta wuce.

Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki ya ɗauke ta, kanta a kan cinyata. Bayan sadakar arba'in Tanimu ya yi sallama a zaure. Ya yi furfura, motar ma ta daɗe da lalacewa. Ya ce ya zo maganar sashen goggonsa, don ba ta da magaji sai shi. Na ce ai ta ba Ummi. Ya ce, "Wa ya shaida?"

Na koma kotun da ƙafata, wannan karon ba wanda ya tura ni. Wani alƙalin na tarar, amma amsar ba ta ba ni mamaki ba. Ya ce kyauta ba ta tabbata sai an shaida ta, an kuma miƙa abin tun mai shi yana da rai da lafiya. Wasiyya ma tana bukatar shaidu, ba ta kuma wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ya bari. Maganar da aka yi tsakanin mata biyu a bakin turmi, ɗaya ta rasu, ɗaya kuma uwar wadda za ta amfana ce, ba abin da zai iya ginawa a kanta. Ya ce, "Ban ce ƙarya kike yi ba, Malama. Amma sashen na Tanimu ne."

Kin ga mutumin da ya tambaye ni kwana nawa ya rage mata, shi ya gaje ta. Kunyata ce ta ba shi. Saboda haka, Ummi, in mai abu ya ce a kira shaidu, ki tashi a lokacin ki kira. Abin da mutane za su ce ba ya kai kwana bakwai a unguwa, abin da ba a rubuta ba kuwa yana bin mutum har jikokinsa.

Tanimu ya ce zai sayar, har wani mai faskare ya taya, yana so ya fasa ƙofa ta baya ya mai da wurin ma'ajiyar itace. Na sayar da tumakina da 'yan kunnen aurena, na ɗauki adashi, na sayi sashen daga hannunsa, ɗakin da na taɓa biya sau ɗaya a baya. Amma wannan karon na yi shi yadda ake yi. Mai unguwa ya zauna, liman ya zauna, maƙwabta na gabas da na yamma suka sa hannu. Aka rubuta iyaka ta kowace kusurwa, aka ambaci rijiya da sunanta. Aka kai wa hakimi ya buga hatimi, na bi takardar har ofishin ƙaramar hukuma, masu awo suka zo suka zana. Da magatakarda ya tambayi sunan mai saye, na ba shi naki. Abin da Goggo ta so ke nan, na cika mata shi a makare, da tsada.

Da aka gama, Tanimu ya roƙi in bar shi ya shiga ɗakin. Ya daɗe a ciki. Da ya fito idonsa ja, ya ce a ɗakin nan take ɓoye shi in ubansa zai dake shi. Na ba shi ruwa ya sha. Ki bar riƙe shi a zuciya in kin gan shi, ni na daɗe da sauke wannan kayan.

Kaduna ba Zariya ba ce, can ba kowa ya san kowa ba, hatimin mai unguwa kaɗai ba zai ishe ku ba. Ku nemi lauya naku na kanku, ba wanda mai gidan ko dillali ya kawo ba. Ya je ma'aikatar filaye ya duba ko takardar mallakar ta gaske ce, sunan wa ke kanta, ko an jinginar da ita a banki, ko gwamnati tana da niyyar fitar da hanya ta wurin. Kada ku ba da kafin alƙalami sai ya dawo da amsa, in kun bayar kuma a rubuta sharaɗin mayarwa. Bayan ciniki akwai neman amincewar gwamnati a juya takardar zuwa sunanku. Yana da jeka-ka-dawo, mutane da yawa suna gajiya su bari, kada ku gaji. Ku kuma je ku ga gidan ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ku ga inda kwata take bi.

Akwai wata magana da nake so ki karanta ke kaɗai. Maigidanki yaron kirki ne, ban taɓa ganin abin ƙi a wurinsa ba. Amma in kuɗinki ya shiga gidan nan, sunanki ya shiga takardar tare da nasa, a faɗi kason kowa. Ba don kina zarginsa ba. Rai a hannun Allah yake, ranar da ɗayanku ba ya nan, ba da shi za ki yi magana ba, da danginsa ne, ko shi da naki. Goggo Dije a gidan ubanta aka haife ta, a cikinsa ta tsufa, aka sayar da shi tana wurin biki, don ba inda sunanta yake. Ki faɗa masa da ladabi, a lokacin da ransa yake sanyi. In ya ga nauyin abin, ki ce ni na ce.

Saura maganar sayar da sashen. Ki sani duk baƙon da ya saya, ko dai ya riƙa ratsa zaurena, ko ya ja katangar da na fasa ja, rijiya kuma ta tafi da shi. Haƙƙin nan na shufa'a ba ni da shi a kanki, tunda an riga an raba an sa iyaka. Don haka roƙo nake, ba iko ba: ki fara yi mini tayinsa. Kuɗin sallamata na ajiye aiki suna hanya, ga ragunan da nake kiwo. Ki sa dillalai biyu su yi masa kuɗi tsakani da Allah, kada ki rage mini ko kwabo don ni uwarki ce, ku ma bukata ce ta sa ku. Za mu kira mai unguwa da liman da maƙwabta, ki zo da kanki ki sa hannu, a buga hatimi, kamar ba ni na haife ki ba. Ina jin ni ce mace ta farko a birnin Zazzau da za ta sayi ɗaki ɗaya sau uku. Da Goggo tana nan da ta yi dariya har ta share hawaye da gefen zane.

Ki gaishe da maigidanki, ki ce ina sa masa albarka. Allah ya ba ku gida mai sanyi da maƙwabta na gari, ya kare ku daga rigima da shiga haƙƙin wani, ya sa ku shiga lafiya ku tsufa a ciki. Allah ya jiƙan babanki da kakanki da Goggo Dije, ya haskaka makwancinsu. In za ki taho kada ki yi tafiyar yamma, ki fito da sassafe, ki kuma karanta addu'ar hawa mota. Allah ya kawo ki lafiya, ya mayar da ke lafiya.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Mama